Injin 305 na a-kori-kura ƙirar 1984: in gyara shi ko in nemi 350?

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masu hannu a harkar inji. Ina zaune a Greensboro, nan Amurka, ina da tsohuwar Chevrolet C10 ƙirar 1984 da nake jan tirelar kayan yankan ciyawa da ita. Injinta 305 ne (lambar girman inji ce a inci-kubik, 350 ya fi shi girma) mai silinda takwas, da kafireta Quadrajet. Da safe in na tayar da ita sai ta turnuƙe da shuɗin hayaƙi, can kuma ya lafa. Tana shan baƙin mai. Akwai wani ƙas-ƙas a saman inji ta ɓangaren direba, kuma in na hau tudu da kaya sai ta riƙa tari ta kafireta.

Wani gareji ya ce a sauke inji a sake komai, kuɗin da ya yanka mini ya fi abin da na sayi motar. Dala 1,500 gare ni, babu ƙari. Kwancewa da ɗaurawa ba sa ba ni tsoro. Ta ina zan fara?

Baba Kanike:
Wa alaikumus salam, ɗana. Kada ka sayi ko ƙusa ɗaya sai ka auna. Ka aro ma'aunin kwamfureshan, shagon kayan gyaran mota na AutoZone na ba da aro in ka ajiye kuɗin jingina. Inji da ɗuminsa, ka kwance fulogi takwas ɗin duka, ka auna kowace silinda ka rubuta. Wadda ta yi ƙasa ka ɗiga mata baƙin mai kaɗan ka sake. In allura ta tashi, ringi ne. In ba ta motsa ba, bawul ne ko gasket.

Hayaƙin safe da ke lafawa yawanci sil ɗin bawul ne, 'yan robobi da tsufa ya busar. Kuɗinsu bai kai na cefane ba, ana ma canza su ba a ɗaga kan inji ba. Abin da ya fi damuna tarin nan da ƙas-ƙas. Su 305 na waɗannan shekarun sun yi suna wajen cinye kamshaf, wato sandar nan mai ƙulle-ƙulle da ke buɗe bawul. Ka buɗe murfin bawul, wani ya juya maka inji, kai ka zuba ido kan rokoki, ƙarafan da ke danna bawul. Duk wanda ka ga yana lilo kaɗan alhali 'yan uwansa na hawa da sauka sosai, to ƙullinsa a jikin kamshaf ya shafe. In na bawul ɗin hayaƙi ne, hayaƙin ba ya samun hanyar fita, sai ya komo ta kafireta. Tarin da kake ji ke nan.

Mai Tirela:
Baba ya yi gaskiya, amma ni ba zan zuba kuɗi a 305 ba. Tafiyar fistan ɗinsu ɗaya da 350, inci 3.48, sai dai ramin 305 inci 3.736 ne, na 350 kuwa inci 4 cif. Kuɗin aiki ɗaya, kayan 350 ma sun fi yawa a kasuwa. Malam, ka leƙa mayankar motoci ka ciro 350 Vortec daga a-kori-kura ƙirar 1996 zuwa 1999. Kansa ya fi shaƙar iska, kamshaf ɗinsa mai rola ne, ka huta da wannan ciwon. Zai zauna a mazaunin naka daram.

Baba Kanike:
Zai zauna, Alhaji, amma ka gaya masa sauran. Manifol ɗinsa na kafireta, wato mazaunin kafireta da ke raba iska da fetur ga silinda, ba zai hau kan Vortec ba, sai ya sayi wani. Daga 1986 aka canza sil ɗin bayan karanshaf zuwa guda ɗaya, don haka farantin da ke haɗa inji da giya ma dole a sake. Vortec kuma an yi shi ne da famfon fetur na lantarki, tsohon famfonsa na jikin inji ba lallai ya samu wurin aiki ba. Ka tara waɗannan a kan kuɗin injin da ba ka ji kukansa ba, ka ga inda 1,500 za ta tsaya. Wanda zai ja ciyawa ne fa, ba tsere zai shiga ba.

Inda na yarda da kai guda ne: in ramin silinda ya ci har sai an faɗaɗa shi an sa manyan fistan, to a nan 305 ya bar cancantar kuɗin. Ya nemi 350.

Ɗan Maraɗi:
Allah ya saka da alheri. Na auna. Silinda bakwai suna tsakanin psi 140 da 150, lamba biyar ta tsaya a 115, da mai ta haura kaɗan. Rokan hayaƙinta kuwa da ƙyar yake motsi, Baba, kamar yadda ka faɗa. In canza kamshaf kawai inji na cikin mota?

Baba Kanike:
A'a. Ƙarfen da ya goge daga kamshaf ina ya tafi? Yana cikin mai, ya bi ta metal, wato siraran ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu. Ka sauke inji. Ka wanke bulo da hanyoyin mai da buroshi, ka kai shi a auna maka ramuka da karanshaf kafin ka yi odar komai. In suna cikin ƙa'ida, a goge ramin a sa ringi da metal sababbi a kan tsofaffin fistan. Ka gwada tazarar metal da Plastigage, wato zaren roba na awon tazara, wajen inci 0.002 ake so. Sai kamshaf da lifta (ƙarafan da ke hawa kan ƙullinsa) sababbi tare, ba a haɗa tsohon lifta da sabon kamshaf. Sarƙar taimin da famfon mai ma ka canza, kuma ka duba ragar tsotson mai, don in giyar taimin ɗinka mai haƙoran roba ce, gutsattsarinta can suke taruwa. Kusoshin kan inji suna ratsawa cikin ruwa, ka shafa musu sila.

Ranar tayarwa ita ce mai kashe kamshaf. Ka sa mai mai sinadarin zink, na zamani an rage masa. Tana kamawa ka kai ta juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti ɗaya, kana ɗan hawa da sauka minti 20 zuwa 30. Kada ka bar ta a silo. Sannan ka zubar da man ka canza filta.

Mai Tirela:
In an auna ramin ya wuce, ka yi mini magana kafin Asabar, zan shiga mayanka neman giya, sai in duba maka.