Kafin ka biya kuɗin karatun lauya: abin da masana suka ce

A tattaunawar da lauyoyi da malaman jami'a suka yi a Kano, bakinsu ya zo ɗaya: kafin batun kuɗi, a tabbatar Majalisar Ilimin Shari'a da hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa (NUC) sun amince da tsangayar koyar da aikin lauya ta jami'ar da za a shiga. Kowace jami'a tana da adadin gurbinta a Makarantar Lauyoyi, inda ake samun horo bayan digiri kafin a zama lauya. Wadda ta ɗebi ɗalibai fiye da ƙima, yaranta kan gama shekara 5 su zauna jiran layi.

A lissafa har da shekarar Makarantar Lauyoyi, a Bagauda ko wani reshen, da kuɗin hula da rigar lauya.

Jami'ar Bayero ta Kano (BUK) ta fi jami'o'in kuɗi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma tana haɗa Shari'ar Musulunci da dokar ƙasa, abin da ke amfanar mai son aiki a kotunan Arewa. Masanan sun hana cin bashi mai nauyi, domin albashin sabon lauya bai taka kara ya karya ba.