Abin da masu tattaunawa suka cimma kan alewar zinki da maganin mura

An tattauna ne kan alewar da ke ɗauke da sinadarin zinki, wadda ake tsotsa don rage mura, da kuma ko samun takardar mallakar fasaha yana nuna tana aiki. Mafi yawan waɗanda suka tofa albarkacin bakinsu sun yarda cewa takardar mallakar fasaha ba shaida ba ce ta cewa magani yana aiki, domin ofishin da ke bayar da ita a Amurka sabuwar dabara yake dubawa. An kawo misalin George Eby, mutumin Texas, wanda ya wallafa bincikensa a 1984 kan tsotsar zinki ga mai mura, ya kuma sami takardar mallaka a 1985, wadda wa'adinta ya riga ya ƙare tuntuni.

Inda aka fi daɗewa shi ne kan haɗin alewar. Zinki yana da bauri mai tayar da zuciya, shi ya sa wasu kamfanoni ke zuba masa sinadarin tsami irin na lemo, alhali wannan tsamin yana riƙe zinkin ya hana shi sakuwa a maƙogwaro. Saboda haka aka ba da shawarar a karanta bayan kwali kafin a saya. An ambaci gwajin asibitin Cleveland na 1996, inda mura ta ɗauki kimanin kwana 4 ga masu tsotsa, kwana 7 da ɗoriya ga sauran, ko da yake wasu gwaje-gwajen ba su ga bambanci ba.

An ce a fara tsotsa cikin awa 24 da soma mura, a bar alewar ta narke a baki ba tare da an tauna ba, kuma a daina bayan 'yan kwanaki, domin yawan shan zinki na jawo ƙarancin jini. An kuma gargaɗi kowa kan maganin zinki na sawa a hanci, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta yi kashedi a kansa a 2009 saboda yana kashe jin ƙamshi.