Neman kalma: me za mu kira ɗan damben da ake ɗauko shi don a gwada matasa?

Mai fassara labaran wasanni, Gyaɗi-Gyaɗi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar malamai da masu bin dambe game da wata kalma da masu sharhin damben boksin suke yawan amfani da ita a Turanci, wato journeyman, wadda kowane mai fassara yake juya ta yadda ya ga dama. Wanda ake nufi da ita ƙwararren ɗan dambe ne mai lasisi, wanda ya san aikinsa, amma ba shi da ubangidan da zai zuba masa kuɗi, kuma ba a shirya masa hanyar cin kambu ba. Masu shirya wasa ne suke kiransa, wani lokaci saura 'yan kwanaki kaɗan, ya je garin wani matashi da ake renonsa, su yi turmi 4 ko 6 ko 8, galibi alƙalai su ba matashin nasara da maki, shi kuma ya karɓi abin da aka yi alkawari ya koma gida.

A ajin masu nauyi, wato waɗanda suka haura fam 200, kusan kilo 91, misalin da na fi so shi ne Marion Wilson na Amurka. An doke shi fiye da sau 40, amma babu wanda ya taɓa gama da shi kafin turmin ƙarshe, kuma a 1994 ya yi kunnen doki da Ray Mercer, mutumin da ya riƙe kambun duniya. Akwai kuma Ross Puritty, wanda ya je birnin Kiyef a watan Disamba na 1998 da tarihin shan kaye fiye da sau 10, aka haɗa shi da Wladimir Klitschko mai lambar zinare ta Olamfik wanda ya ci wasa 24 a jere, ya jure har Klitschko ya gaji, aka tsayar da wasan a turmi na 11, Puritty ya yi nasara. Na ji wasu suna cewa "ɗan rakiya", wasu kuma "cikon benci". Ni dai raina bai kwanta da ko ɗaya ba.

Malamin Hausa, Gwale:

Wa alaikumus salam. Malam, rashin kwanciyar ranka yana da dalili, domin kalmomin nan biyu duka na raini ne, suna nuna mutumin da zuwansa da rashin zuwansa ɗaya ne, alhali kuwa idan wannan mutum bai zo ba, wasan gaba ɗaya ba zai yiwu ba. Ya kamata a fara da asalin kalmar. Ba a fagen dambe aka haife ta ba, ta fito ne daga tsarin masu sana'ar hannu na Turai, inda ake da matakai uku: yaro mai koyo, sai wanda ya gama koyo amma bai buɗe nasa wurin ba, sai kuma maigida. Na tsakiyar shi ne mai wannan suna, kuma tushen sunan wata kalmar Faransanci ce mai ma'anar yini, saboda ladan yini ake biyansa. Mutane da yawa suna zaton tafiya ake nufi, amma aikin yini ne asalin.

Kalmomi biyu sun fara zo mini, kuma duka na ajiye su. Ta farko "gardi", domin a tsangaya gardi ya wuce kolo da titibiri amma bai kai alaramma ba, sai dai gardi yana kan hanyar hawa ne, shi kuwa wannan ɗan damben ya riga ya san inda ya tsaya, ban da cewa bai dace a ɗauko kalmar makarantar allo a kai ta fagen naushi ba. Ta biyu "zakaran gwajin dafi", wadda a asalinta ta dace ƙwarai, tunda zakaran da ake gwada ƙarfin dafin kibiya a kansa ake nufi. Amma 'yan jarida sun riga sun mayar da ita kalmar yabo, har idan ka ce wane zakaran gwajin dafi ne, mai sauraro zai ɗauka gwarzon shekara kake faɗa. Shawarata ita ce "ɗan damben ƙwadago", jam'insa "'yan damben ƙwadago".

Tsohon ɗan damben gargajiya, Fagge:

Allah ya gafarta malam, na ji bayaninka, amma ina da tawa. Mu a damben gargajiya tun asali yawo muke yi, da kaka idan an gama aikin gona a bi gari-gari, yanzu kuma a bi gidajen dambe, yau mutum yana Ado Bayero Square a Sabon Gari, wata mai zuwa ka ji shi a Deidei ta Abuja. Saboda haka ni "ɗan ci-rani" ya fi zauna mini, tunda mutumin nan kullum a garin wasu yake wasa, 'yan kallo ba nasa ba ne, makaɗi ma ba shi yake yi wa kiɗa ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne "ɗan rakiya". Duk wanda ya taɓa ɗaura zare ya san cewa a yi turmi uku da mai ƙarfi a tashi babu kisa, wato ba a kai kowa ƙasa ba, ba ƙaramin aiki ba ne, balle a ce mutum ya sha karawa da manya shekara da shekaru ba a kai shi ƙasa ba. Wannan gwani ne na kare kai.

Malamin Hausa, Gwale:

Baba, ranka ya daɗe, maganarka ta ƙarshe ita ce ginshiƙin al'amarin, kuma akwai dalilin kuɗi a bayanta. A Ingila, idan aka tsayar da wasa saboda ɗan dambe ya kasa ci gaba, hukumar dambe tana dakatar da shi na makonni don lafiyar ƙwaƙwalwarsa, kuma wanda yake ci da iyalinsa da wannan sana'a, duk makon da aka dakatar da shi asara ce. Shi ya sa suka ƙware wajen rufe fuska, da riƙe abokin karawa, da zagaya fili har lokaci ya cika. Peter Buckley na birnin Bamingham, ko da yake ba ajin masu nauyi yake ba, ya yi wasa 300 kafin ya ajiye a 2008, an doke shi a 256, kuma ya kara da Naseem Hamed, wanda daga baya ya zama zakaran duniya, sau biyu. Wanda bai iya kare kansa ba, ba zai kai ko kusa da wannan adadi ba.

Inda na rabu da "ci-rani" shi ne, kalmar tana ɗauke da lokaci: ɗan ci-rani yana da gonarsa a gida, idan damina ta faɗi zai koma. Sa'annan zakarun duniya ma suna wasa a ƙasashen wasu, Muhammad Ali ya yi a Kinshasa a 1974, ya yi a Manila a 1975, babu wanda zai haɗa shi da mutanen da muke magana a kansu.

Malama mai koyar da motsa jiki, Tarauni:

Malam, ina da ja a kan "ƙwadago". Ai duk ɗan damben da ya bar ajin 'yan sha'awa don kuɗi yake yi, har da Anthony Joshua da ya taɓa riƙe kambun duniya, to me ya raba wannan da wancan? Ni na fi karkata ga "magwaji", domin amfanin mutumin a wurin masu shirya wasa shi ne a auna matashi da shi, a ga ko yana da numfashin da zai kai turmin ƙarshe, a ga kuma yadda zai yi idan ya kai naushinsa mafi ƙarfi mutum bai faɗi ba.

Malamin Hausa, Gwale:

Malama, jan naki yana da ƙarfi, amma amsar tana cikin kalmar kanta. Mai gona da ɗan ƙwadago duka suna riƙe fartanya a kunya ɗaya, sai dai ɗaya ladan yini zai karɓa da yamma, ɗaya kuma amfanin gonar rumbunsa zai shiga. Zakara da matashin da ake reno, kowace nasara tana ƙara musu daraja da kaso a kuɗin tikiti da na talabijin, shi kuwa wannan an yanke masa kuɗinsa tun kafin ya sa safar hannu, kuma abin da wasan ya haifar a tarihin wani za a rubuta shi. Har ma akan ce idan ya cika kayar da yaran masu shirya wasa, kiran da ake yi masa yakan ragu. Na so in ce "ɗan jinga", tunda a jinga ma ana yanke farashi tun farko, amma jinga sai an kammala aiki ake biya, shi kuwa ko an gama da shi a turmin farko zai karɓi nasa. Ga shi kuma "ƙwadago" ta samu mutunci a kunnen mutane tun da aka saba jin Ƙungiyar Ƙwadago, ba ta zagi, ba ta kuma yabo.

"Magwaji" kada a yar da ita. Akwai wani mataki sama da wannan, na ɗan damben da ya kusa kaiwa ga manya, wanda duk mai neman kambu sai ya bi ta kansa, kuma a nan ne kalmarki ta fi dacewa.

Mai fassara labaran wasanni, Gyaɗi-Gyaɗi:

Na gode wa kowa. Zan ɗauki "ɗan damben ƙwadago" a ambato na farko cikin labari, daga nan in taƙaita zuwa "ɗan ƙwadago", in bar "magwaji" ga na saman. Na gwada su a kan Kevin Johnson, wanda ya nemi kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a hannun Vitali Klitschko a birnin Ban na Suwizalan a Disambar 2009, ya kai turmi na 12 aka doke shi da maki, kuma jimlar ta fito haka: bayan ya kasa cin kambu ya zama magwaji, har Joshua ya gama da shi a turmi na 2 a Landan a 2015, daga nan ya koma damben ƙwadago a ƙasashen Turai.

Tsohon ɗan damben gargajiya, Fagge:

To, na yarda a boksin, ɗana. Amma kada ka kawo ta gidan damben gargajiya ka kira wani ɗan Kudu ko ɗan Arewa ko Guramada ko Jamus, wato ɓangarorin 'yan dambenmu, da ita, domin a wurinmu duk wanda ya sa zare kisa ya fito nema, kuma zai ɗauka ka ce an saye shi ne.