Littafi ko fim, wanne ya fi firgita mutum?

Malam Sani: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ni a ganina fim ba ya iya firgita mutum yadda littafi ke yi, kuma duk labarin tsoron da aka ɗauko daga littafi aka mai da shi fim sai an rage masa ƙarfi. Fim dole ya nuna maka abin, da ka gan shi kuwa ka san iyakarsa. Ku duba Frankenstein na Mary Shelley da ya fito a 1818. Halittar da ke cikin littafin tana magana, ta koyi karatu, har ta tsare wanda ya haɗa ta tana tuhumarsa: me ya sa ka raya ni sannan ka guje ni? Abin da ke hana mai karatu sukuni shi ne hujjarta na da ƙarfi, alhali a lokacin ta riga ta shaƙe ƙaramin yaro. A fim ɗin 1931 kuwa sai ga Boris Karloff da ƙusoshi a wuya, ba ya cewa uffan sai gurnani. An ɗauko abin da ke damun zuciya an mai da shi dodo kawai.

Hauwa: Wa alaikumus salam Malam. Wa ya ce dole ne fim ya nuna? A Jaws na 1975, ƙaton kifin inji da aka ƙera a matsayin kifi mai cin mutane ya yi ta lalacewa a ruwan teku, sai darakta Spielberg ya koma nuna ruwa da ƙafafun masu ninƙaya daga ƙasa, ga kiɗan John Williams mai sauti biyu yana ta matsowa. An ci fiye da rabin fim ɗin kafin a ga kifin sosai. Blair Witch Project na 1999 kuma har aka tashi ba a nuna mayyar ba. Ɓoye abu dabara ce da kowane gwani ke iyawa, ko da alƙalami ko da kyamara.

Bashir: Ina bayan Hauwa, kuma akwai abin da takarda ba ta da shi sam, wato sauti da lokaci. Littafi kai ke tuƙa shi. In ranka ya fara ɓaci sai ka rage sauri, ka ɗaga kai, ko ka rufe. Fim ba ya jiran ka. Kisan da aka yi wa wata mata tana wanka a banɗaki a labarin Psycho, a littafin Robert Bloch na 1959 layuka kaɗan ne. Darakta Hitchcock a fim ɗinsa na 1960 ya daddatsa hoton ƙanana-ƙanana, Bernard Herrmann ya ɗora kukan goge mai tsinka kunne, mutane suka fita suna rantsuwa sun ga wuƙa tana keta jiki, ga shi kuwa yawancin abin ƙwaƙwalwarsu ce ta ƙarasa.

Malam Sani: Bashir, wannan zabura ce ta ɗan lokaci. Ko ƙofa aka buga da ƙarfi a bayanka za ka zabura. Ni ina maganar tsoron da ke bin mutum har bayan mako guda.

Hajiya Rabi: Ku ba ni dama, yarana. Ban yarda da Malam Sani a kan kowane fim ba, amma akwai wurin da gaskiya ke hannunsa, kuma The Shining ne shaidata. A littafin Stephen King na 1977, Jack uba ne mai son ɗansa, yana fama da jarabar giya, yana ƙoƙarin ya gyara halinsa. Kina cikin kansa kina jin yadda yake yi wa kansa uzuri, yadda fushinsa ke zama masa kamar gaskiya, har ya kai ga neman hallaka iyalinsa. Duk wanda ya taɓa renon yaro ya san firgicin da ke cikin wannan, domin mugun ba baƙo ba ne, wanda yaron ke gudu wurinsa ne in ya tsorata. Fim ɗin Kubrick na 1980 kuwa, tun a mota kan hanyar zuwa otal ɗin da Jack zai yi gadi, Jack Nicholson da ya fito a matsayinsa yake kama da wanda bai da cikakken hankali. King da kansa ya sha nuna rashin jin daɗinsa da wannan. Kyamara tana ganin fuska, amma shiga zuciyar mutum tana yi mata wuya.

Hauwa: Gaskiya ne Hajiya, sai dai King ya samu dama ya rubuta nasa na talabijin a 1997, ya bi littafin sau da ƙafa, amma har yau na Kubrick ake ta magana a kai. Sannan akwai abin da fim ya ƙara wa littafi. Fitowar fatalwar nan Sadako daga cikin talabijin a fim ɗin Ringu na 1998, wadda ita kowa ke tunawa, babu ita a littafin Koji Suzuki na 1991. Masu fim ne suka kawo ta.

Lawal: Haka ma Dracula, mai shan jinin mutane. A littafin Bram Stoker na 1897 yana yawo da rana, ƙarfinsa ne kawai ke raguwa. Nosferatu na 1922, fim ɗin da aka ɗauko daga littafin, shi ne ya sa hasken rana ya hallaka shi. Amma Malam, in ba ka naka: babin jirgin ruwan da ya ɗauko Dracula, inda kyaftin ke rubuta yadda ma'aikatansa ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, ban ga hoton da ya kamo shi ba.

Malam Sani: To ai maganar Hajiya ce ƙashin bayan tawa. Ku kawo mini fim ɗaya da ya sa mai kallo cikin zuciyar mugu yadda littafi ke yi.

Bashir: Psycho ɗin dai, Malam. Bayan kisan, Norman, wanda daga baya ake gano shi ne makashin, ya goge jinin, ya sa gawar a bayan mota, ya tura motar cikin fadama. Tana nutsewa sai ta tsaya cak, rabinta a waje. Ya tsaya yana waige-waige. A wannan lokacin mai kallo so yake motar ta ƙarasa nutsewa, alhali ya san gawar wa ke ciki, kuma ba a furta kalma ko ɗaya ba. Hajiya, ki sake kallon wurin ki faɗa mana me zuciyarki ta so.