Neman haske kan shigo da doguwar libarba mai harsashin .22 zuwa Ingila

Assalamu alaikum. Ina roƙon masana dokar makamai ta Birtaniya su warware mini wata matsala da ta tsaya mini. Ina da takardar izinin mallakar bindiga daga 'yan sanda, kuma ina son shigo da libarba mai cin harsashin .22 (ƙaramin harsashi mai kaurin inci 0.22), irin wanda ake bugun gefen gindinsa kafin ya tashi, domin harbin gasa a kulob.

Tun 1997 doka ta haramta kusan duk bindigar da bututunta bai kai santimita 30 ba, ko tsawonta gaba ɗaya bai kai santimita 60 ba. Wadda na samu a Amurka ta wuce ma'aunin biyu, amma ƙotarta ta kafaɗa da kusoshi aka ɗaure ta, alhali doka ba ta lissafa ƙotar da ake cirewa ko naɗewa wajen awo. Shin ƙota mai kusoshi tana cikin waɗanda ake cirewa?

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne dokar 1988, wadda ta ce makamin da ya taɓa zama haramtacce yana nan a haramtacce ko an sake masa fasali. Idan gangar jikinta iri ɗaya ce da ta gajeriyar libarba, wace shaida daga masana'anta za ta gamsar da hukuma cewa tun asali doguwa aka ƙera ta?

Sannan da yake Amurka ba ta cikin yarjejeniyar CIP, ta ƙasashen da ke amincewa da hatimin gwajin bindigogin juna, wajibi ne dillali ya fara kai ta gidan gwajin ingancin bindigogi na Landan ko Birmingham kafin ya miƙa mini?