Na biya rabin kuɗin hayar jirgin ruwa a Girka, yanzu barci ya gagare ni

Uwargida: Salamu alaikum jama'a, don Allah a ba ni shawara. Mu bakwai ne: ni da maigida, ƙaninsa da amaryarsa, yayata, sai yarana biyu. Asali ƙanin ne ya kawo maganar, amma da aka zo biya sai ya noƙe, wai hidimar biki ta cinye shi. Ni na sa katina kar a ce ni na hana ruwa gudu. Yayata kuma ba ta ga maciji da amaryar, wannan zance ne na wata rana. Jirgin mai tafiya da iska ne, ƙafa 42, ɗaki uku, daga tashar Alimos a Atens, Asabar zuwa Asabar. Tsibiran Mikonos da Santorini muke so. Yanzu kamfanin ya aiko wai mu turo lasisin matuƙi. Wane matuƙi kuma?

Tsohon Matuƙi: Wa alaikumus salam. Hajiya, jirgi tsura kika haya, ba mutum a ciki. A Girka sai ɗayanku yana da lasisi irin ICC (shaidar ƙwarewar tuƙin jirgi ta ƙasa da ƙasa), wani kuma ya tsaya a matsayin mataimaki. Wane wata ne ma? Ba ki faɗa ba.

Uwargida: Agusta, lokacin hutun yara. Maigida ya taɓa tuƙa ƙaramin jirgi mai inji ai.

Tsohon Matuƙi: Agusta! Lokacin da iskar Meltemi ke kaɗowa daga arewa a tekun Ejiyan, inda Mikonos da Santorini suke, ta kan yi kwanaki ba ta lafa ba. Irin wannan jirgi mil 5 zuwa 6 na ruwa yake ci a awa, Santorini kuwa ta haura mil 100 daga Atens. Zuwa da sauƙi, iska na bayanku. Dawowa ce aiki, kuna fuskantar ta, ga dole jirgi ya shiga tasha da yammar Juma'a. Ki koma tekun Iyoniya da ke yammacin Girka: Lefkada, Meganisi, Itaka, Kefaloniya. Tsibiran kusa da juna, ruwa a kwance da safe.

Maman Biyu: 'Yar'uwa, ki ɗauki matuƙin haya kawai. Amma ki sani shi ma sai an ba shi makwanci, cinsa kuma a wuyanku. Mutum takwas a ɗaki uku, wa zai kwana a falo? Ba dai amarya ba.

Baban Yara: Ni kuɗin ajiya ne ya ƙona ni. Wani kamfani ya riƙe mini wani kaso saboda ƙarcewa a gefen jirgi, wallahi haka na same ta. Mai dubawar har durƙusawa ya yi yana shafa wurin da yatsa. Na yi ta rubuta musu, shiru kake ji. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Ƙanwarku: Anti, ba sai kin canja tasha ba. Daga Alimos ga tsibiran Egina, Poros da Hidra nan kusa, iskar wurin ba ta kai ta hanyar Santorini ƙarfi ba. Ko ki nemi katamaran, mai gindi biyu, ba ya kishingiɗa.

Tsohon Matuƙi: Hidra a Agusta? Tashar ƙarama ce, jirage a jere bayan juna, sarƙoƙin anga sun sarƙe, da safe kowa na ihu. Katamaran kuma kuɗinsa daban. Iyoniya na ce.

Uwargida: Na gode Alhaji, amma na riga na nuna wa yara hotunan Santorini, kuma in na soke rabin kuɗin ya tafi. Maigida ya ce iska ba kullum ba ce. Yayata ma ta ce za ta kwana a falo.

Maman Biyu: Ta faɗa da bakinta, ko ke kika faɗa mata?

Uwargida: Za ta yarda. To in mun ɗauki matuƙin, yana da ikon ƙin kai mu Santorini bayan mun biya shi?