Na biya kuɗin faranchayis, yanzu an ce sunan ba nawa ba ne

Maman Hafsa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masu sanin doka ku taimake ni. Na daɗe ina sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a Aboabo. Da adashi na tara kuɗina, ƙanin mijina ya ƙara min, har sarƙar aurena na sayar. Wani kamfanin soyayyar kaza da shinkafa na Ankara (Accra) ya ce zai ba ni faranchayis in buɗe reshe a nan Kumasi. Na ba da sidi 60,000, na kama shago, na yi fenti irin nasu. Sai yanzu suka aiko takarda: kashi 7 cikin 100 na ciniki nasu ne duk wata, kaza da yaji a wurinsu kaɗai zan saya, bayan shekara 5 in sauke allonsu. To me na saya ke nan? Wallahi ko barci ba na yi.

Alhaji Baba: Wa alaikumus salam. 'Yata, hayar suna kika yi. Sun ba ki izinin ciniki da sunansu da tambarinsu da girkinsu na wani lokaci. Shago naki, bashi naki, albashin yara da kashi 13 cikin 100 na SSNIT, hukumar fanshon ma'aikata, a kanki, suna kuwa nasu ne har gobe. Haka KFC take a ƙasar nan: Masco Foods ke gudanar da ita tun 2011, sunan na Amurkawa ne. Gana ba ta da dokar faranchayis ta musamman, saboda haka abin da kika sa wa hannu shi alƙali zai karanta. Kada ki sa hannu tukuna. Fara da tambarin: ki sa lauya ya bincika a ofishin Rajistara Janar ko an yi masa rajista a ƙarƙashin doka mai lamba 664 ta 2004, da sunan wa, kuma shekara 10 ɗin rajistar ba ta cika ba. Takardar sunan kasuwanci daga ORC, ofishin rajistar kamfanoni, daban take da rajistar tambari, kada a nuna miki ita ki yarda. Sannan a kai yarjejeniyar GIPC, hukumar kula da zuba jari.

Anti Rabi: Alhaji, a yi haƙuri, maganar GIPC ba ta shigo nan ba. Dokar da ta ce a kai musu irin wannan yarjejeniya, L.I. 1547 ta 1992, tana aiki ne in mai sunan kamfanin waje ne. Waɗannan duk 'yan gida ne. Abin da take bukata shi ne biyan harajin hatimi a GRA, hukumar haraji, don takardar da ba hatimi kotu na iya ƙin karɓarta a shaida. Maman Hafsa, kashi 7 ɗin na ciniki ne ko na riba? In na ciniki ne, ko kin faɗi a watan sai kin biya.

Alhaji Baba: In akwai kamfanin waje a bayansu fa? A bincika. Kuma a rubuta iyakar yankinki da sunan unguwanni, Aboabo, Asawase, Alabar, in ba haka ba gobe su ba wani izini a bakin ƙofarki. A rubuta farashin kazar da abin da za ki yi ran da motarsu ba ta iso ba. A rubuta kwana nawa za su ba ki ki gyara laifi kafin su soke, kuma a ina za a yi sulhu, Kumasi ko Ankara.

Malam Sani: Ni masu gidajen haya ne damuwata. Dokar haya ta 1963 ta ce kada a karɓi fiye da wata 6 a gaba, amma je ki Kejetia ko Adum ki ji, shekara 2 ake nema, babu mai tsawatawa. Ki karɓo kuɗinki ki ci gaba da waakyenki, ya fi albarka.

Maman Hafsa: Malam, ba zan koma baya ba, an riga an san zan buɗe. Kuma mutumin ba macuci ba ne, kawuna ya san shi tun a Nima. Lauya ma kuɗi ne, ga shi na kashe komai a shago.

Anti Rabi: Ba a ce macuci ne ba, ƙanwata. Duba ko takardar ta hana ki sayar da abinci bayan kun rabu, na wata nawa, a wane yanki. In ta ce "kowane irin abinci", har waakyen ta haɗa. Lasisin tsabta na FDA, hukumar abinci da magunguna, da izinin kasuwanci na majalisar Asokore Mampong da Aboabo ke ƙarƙashinta kuma ke za ki nema, nasu na Ankara bai rufe shagonki ba.

Alhaji Baba: Sidi 60,000 ɗin me aka rubuta a rasit, kuɗin shiga ko ajiya? A kan wannan mayarwa ta rataya.

Maman Hafsa: Babu rasit, Baba. Ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, na tura sau uku, lambar manajansu. Sun ce ranar Litinin za su zo da takardar in sa hannu.

Malam Sani: Lambar manaja ko ta kamfani?